Jiran Dogon Tsiga

Wasan ƙwallon kwando ya zo makarantarmu ne tare da wani Bature ɗan Amurka da aka turo ya koya mana lissafi. Makarantar kwana ce ta mishan, a bayan garin Malumfashi, ni kuma ina aji uku a lokacin, shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai. Kafin zuwansa ƙwallon ƙafa kaɗai muka sani. Ranar da ya fito da wata jar ƙwallo mai nauyi ya ce wannan da hannu ake buga ta, dariya muka yi ta yi, don a wurinmu wasan hannu na 'yan mata ne.

Filin da hannunmu muka yi shi. Muka share wuri a gefen gonar makaranta, muka ɗebo marmara a ka, matan majami'a suka zo da madaɓai suka yi mana daɓe irin na tsakar ɗaki, suka zuba ruwan makuba, suna tambayarmu wace amarya ce za ta tare a nan. Maƙerin gari ya lanƙwasa mana ƙarafa biyu, kafinta ya haɗa alluna, aka kafa su a kan azarar giginya. Raga kuwa da igiyar rama muka saƙa ta.

A cikinmu akwai wani abokina, gadonsa yana kusa da nawa a ɗakin kwana. Ɗan wani ƙauye ne a bayan Tsiga. Gidansu Maguzawa ne, ubansa bai taɓa shiga masallaci ko majami'a ba, yana nan a kan abin da ya tarar iyayensa suna yi. Shi kaɗai ne a gidan ya bi masu bishara, kuma ya shiga makaranta a makare, har gemu ya fara tsiro masa muna aji biyu. Ya fi kowa tsawo a makarantar, har da malamai. Gadon ƙarfen da aka ba shi ya yi masa kaɗan, sai da ya jera akwatinsa a ƙarshen gadon yake ɗora ƙafafu. Ba shi da yawan magana, kuma a aji ba ya cikin na gaba. Amma ranar da aka sa masa ƙwallon nan a hannu, Baturen ya tsaya yana kallonsa, ya manta da usur a bakinsa.

Ni ɗan Ƙarfi ne, ubana mai bishara ne a can. Gajere ne ni, amma ina da gudu, don haka aikina a fili shi ne in kawo ƙwallo daga baya in miƙa masa. Da ya ɗaga hannu a ƙarƙashin kwando, sai dai ka tsaya ka jira ya gama abin da yake yi. Kuma ba tsawon kaɗai ba ne. Yana iya tsayawa can nesa ya jefa, ƙwallon ta yi sama kamar ba za ta sauko ba, ta faɗa ciki ko ƙarfen ba ta taɓa ba.

Da farko ba wanda yake zuwa kallo sai 'yan makaranta. Daga baya mutanen gari suka fara tsayawa a kan hanyarsu ta dawowa daga gona. Abin da ya jawo su gaba ɗaya shi ne ranar da ma'aikatan Funtuwa suka zo. Su suna da ƙungiya tun kafin mu, akawuna ne na tashar jirgin ƙasa da na gidan gurzar auduga, yawancinsu mutanen kudu, manya ne masu iyali, da takalmansu na kambas fari fat. Mu rabinmu ba takalmi. Suka sauko daga babbar mota suna kallon daɓenmu suna murmushi. Ranar muka ci su, kuma kusan duk abin da muka ci daga hannun abokina ya fito. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kiran sunansa a cikin gari. Dogon Tsiga ake ce masa, wasu kuma su ce dogonmu.

Mutum biyu na fi tunawa a cikin masu kallon. Ɗaya wani tela ne da yake da rumfa a bakin kasuwa, Musulmi, mai fara'a, wanda bai san dokar wasan ba ko kaɗan amma ba ya fashin zuwa. Shi ya ɗinka mana rigunan wasa da shuɗin yadi, kuma rumfarsa ta zama wurin da ake tattauna wasa duk mako. Ɗayan tsohon soja ne, mai gadin makarantarmu, wanda ya yi yaƙi a ƙasashen waje. Ba ya tafi, ba ya ihu. Yakan kawo kujerarsa ta katako ya zauna a inuwar ɗorawa, in dogon ya jefa ta shiga sai ya buga sandarsa sau ɗaya a ƙasa.

Shekara guda da rabi ba wanda ya ci mu a filinmu.

Abin ya faru ne a hutun damina, lokacin huɗa, kuma ba a filin wasa ba. Ubansa yana da shanun noma biyu. Ɗayan sabon horo ne, wani abu ya firgita shi a cikin kunya, ya zabura, sarƙar garma ta naɗe ƙafar abokina ta hagu, aka ja shi a ƙasa. Ina Ƙarfi na ji labari, kwana huɗu bayan abin. Na hau keken ubana na nufi asibiti.

Na same shi kwance, an ɗaure ƙafar daga cinya zuwa idon sawu da farin ɗaurin nan mai tauri da muke ce wa siminti. Ubansa da Baturenmu suna wurin, Baturen ne ya maida mana abin da likita, shi ma Bature, ya faɗa. Ƙashi bai karye ba. Jijiyoyin da suke riƙe gwiwa daga ciki ne suka tsinke, kuma likita ya ce wannan ya fi karaya wuyar sha'ani. Zai yi tafiya, in ya yi haƙuri. Gudu da tsalle kuwa kada a yi maganarsu sai bayan shekara, in ma za a yi.

Ni na ji wannan da kunnena. Ina so in faɗi haka tun yanzu, don abin da na yi daga baya ban yi shi cikin rashin sani ba.

Da aka cire simintin ubansa ya zo da jaki ya tafi da shi gida. Aka koma makaranta ba shi. Tunda keken ubana yana hannuna, Baturen ya nemar mini izini in riƙa kai masa littattafai da aikin aji duk Asabar ta biyu. Tafiyar awa biyu ce da wani abu, in ba a yi ruwa ba. In an yi ruwa kuwa akwai wani rafi da sai na ɗauki keken a kafaɗa.

Zuwana na farko na tarar da shi a gindin rumbu, zaune a kan tabarma, ƙafar a miƙe. Cinyar ta rame ta koma kamar ta yaro, gwiwar kuma ta kumbura ta fi ta kauri. Mai ɗori ya zo ya duba, ya ce shi ba ya ganin abin da zai ɗora, ya dai shafa magani ya yi tsaga a gefe biyu. Abokina ya miƙe don ya nuna mini, ya dafa rumbu, ya taka sau uku, gumi ya karyo masa a goshi. Ya koma ya zauna.

"Da sauƙi," in ji shi. "Makon jiya ko wannan ban iya ba."

Da na dawo gari da la'asar, hanya ta bi da ni ta bakin kasuwa. Tela ya hango ni, ya tsayar da kekensa na ɗinki ya ɗago mini hannu. Mutum bakwai ko takwas ne a rumfar, duk suka juyo.

"Ɗan makaranta, yaya dogonmu?"

"Da sauƙi, Malam."

"Yana takawa?"

"Yana takawa."

"Alhamdulillahi. Ba sanda?"

Na dubi fuskokinsu. Har da wani dattijo mai sayar da goro wanda bai taɓa yi mini magana ba, ya tsaya da ƙullin goro a hannu yana jiran amsata. Ban taɓa samun manya suna saurarona haka ba. Na ce, "Ba sanda, Malam."

A raina na ce ai ban yi ƙarya ba, rumbu ya dafa. Aka ba ni wuri a kan benci, aka sayo mini fura. Kafin in isa makaranta labari ya riga ni, wai dogon Tsiga ya jefar da sanda.

Haka abin ya fara. Duk dawowata sai na ƙara wani abu kaɗan a kan na baya, don ba zai yiwu in ce yau ma kamar jiya ba. Na ce yana zagaya gida. Na ce ya je gona. Na ce na gan shi yana 'yar sassarfa. A gaskiya yana samun sauƙi, sai dai saurin sauƙin bai kai rabin saurin bakina ba. Lokacin da na ce yana sassarfa, ranar ce ya fara zuwa bakin rijiya da sanda ba tare da ya huta a hanya ba.

A fili kuwa abubuwa sun lalace. Wata makaranta ta zo daga wajen Zariya ta ci mu a gaban mutanenmu. Muka je Funtuwa, akawunan nan suka rama abin da aka yi musu har da ƙari. Nakan kawo ƙwallo daga baya in ɗaga kai, in rasa wanda zan ba. Duk da haka mutane ba su daina zuwa ba, kuma ba su zage mu ba. In an tashi sai ka ji suna cewa a bar su su ci yanzu, dogonmu yana nan tafe. Wani ma ya ce wa direban motar Funtuwa ya gaya wa mutanensa su ƙoshi, don wannan ne na ƙarshe.

An sa ranar da Funtuwa za su dawo filinmu, mako biyu kafin Kirsimeti, bayan an gama yankan dawa. Sai kuma Baturen ya sanar da mu cewa wani jami'in wasanni zai zo daga Kaduna ranar, yana neman 'yan wasan da za su wakilci Arewa. Wannan labari ma ya shiga kasuwa. Tela ya yanka sabon yadi ya ɗinka riga guda, doguwa, ya rataye ta a gaban rumfa inda kowa zai gani. In an tambaye shi ta wace ce, sai ya ce mai ita yana hanya.

Tsohon sojan nan ne kaɗai bai taɓa tambayata a gaban mutane ba. Wata rana ina shigowa da keke ya tsayar da ni a bakin ƙofa.

"Ka ce yana gudu?"

"Yana ɗan taɓawa, Baba."

"Na ga gwiwa da yawa a inda na je," in ji shi. "Ban ga wadda ta warke a wata huɗu ba." Ya buɗe mini ƙofa na wuce. Bai ƙara yi mini maganar ba, ni ma na riƙa sauka daga keke nesa da shi.

Ba mutanen gari kaɗai nake kai wa labari ba. Shi ma ina kai masa nasu. Na gaya masa maganar riga, da ta mutumin Kaduna, da abin da aka aika wa Funtuwa. Na ga yana jin daɗi, don a ƙauyen ba wanda ya san abin da yake yi a fili, a wurinsu shi dogon yaro ne da ya tafi boko ya dawo ba ya iya riƙe garma. In ina ba shi labari yakan sa in maimaita wanda ya faɗi kaza, da yadda ya faɗa.

Wata Asabar a cikin kaka, muna zaune yana taya uwarsa ɓarar gyaɗa, ya ce, "Me kake gaya musu a kaina?"

"Na ce ka kusa warkewa."

"Kusa kamar yaya?"

"Na ce kana gudu kaɗan-kaɗan."

Ya ci gaba da ɓarar gyaɗa. Can ya ce, "To ai sai in fara."

Uwarsa tana jin mu. Ta ce da ni, "Ɗana, wannan wasan naku, in bai je ba kamawa ake yi?"

Na ce, "A'a, Inna. Mutane ne dai suke son ganinsa."

"Su zo nan su gan shi mana," in ji ta.

Ubansa ya dawo daga gona kafin in tafi. Dogo ne shi ma, baƙi, da warki a ɗaure da gatari a kafaɗa. Bai taɓa hana ni zuwa ba, kuma kullum sai ya sa an ba ni abinci, amma bai cika yi mini magana ba. Ranar ya raka ni har bakin shinge, abin da bai saba ba.

"Yaro, Baturen asibiti shekara ya ce. Ni ban san aikinsu ba, amma na riƙe abin da ya faɗa. Kai ma kana wurin."

"Ina wurin, Baba."

"To," in ji shi, ya juya.

Na yi niyyar in gyara maganata a wannan makon. Na shirya abin da zan faɗa tun a hanya, cewa ƙafar ta ɗan tashi, sai baɗi. Da na iso rumfar tela na tarar an cika fiye da kullum, ana gardamar ko kwando nawa dogon zai ci. Aka matsa mini wuri. Na zauna, na ce yana gaishe su.

Ya dawo makaranta kwana goma kafin wasan. Motar auduga ce ta sauke shi a bakin titi, ya tako zuwa ƙofa ba sanda, yana tafiya a hankali, ya daidaita kafaɗunsa don kada a ga ɗingishin. 'Yan makaranta suka fito suka kewaye shi, wani ya karɓi akwatinsa. Da muka shiga ɗaki ya zauna a bakin gado ya naɗe wando, na ga ya ɗaure gwiwar tam da wani tsohon rawani da ya yaga biyu.

Baturen bai yarda ba da farko. Ya sa shi ya yi gudu daga wannan kwando zuwa wancan, ya yi. Ya sa shi ya yi tsalle, ya yi, ya sauka a kan ƙafar dama. Ya ce ya juya da sauri ta hagu, ya juya, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Baturen ya kira ni gefe.

"Kai kake zuwa wurinsa. A gida yana gudu?"

Saurayi ne Baturen, bai fi mu da shekaru masu yawa ba, Hausarsa ma ba ta nuna ba. Ya yarda da ni. Na ce, "Yana yi, Malam."

Ya ce to zai zauna a benci, in an ga hali a sa shi na ɗan lokaci.

Ranar wasan ban taɓa ganin taro irin wannan a makarantar ba. Har daga ƙauyuka an zo, wasu a kan jakuna, yara sun hau ɗorawa. Tela ya kawo rigar da kansa a naɗe cikin takarda, abokina ya sa ta a gaban mutane aka yi ta tafi. Mutumin Kaduna ya zauna a kujera kusa da shugaban makaranta, da littafi a cinya. Daga gidansu abokina ba wanda ya zo.

Kafin hutun rabin lokaci Funtuwa sun yi mana nisa. Mutane suka fara kira, da farko daga wajen ɗorawa, sannan ko'ina: a sa dogo, a sa dogo. Baturen ya dubi taron, ya dubi abokina. Abokina ya riga ya miƙe.

Bai fi minti biyar ba a fili. Na farko na miƙa masa yana tsaye nesa, ya jefa ta shiga. Na biyu ma haka. Ihun da aka yi ranar har cikin gari an ji shi. Na uku sai na ga hanya ta buɗe a ƙarƙashin kwando, na jefa masa ita sama kamar yadda muka saba tun da, irin wadda sai ya yi tsalle zai kamo. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Ya yi tsalle ya kama. Wani akawu yana tsaye ta damansa, don haka ya sauka a kan ta hagu.

Ina kusa, na ji ƙarar, kamar an karya ɗanyen kara. Ƙafar ta lanƙwashe ta gefe, inda gwiwa ba ta lanƙwasawa. Bai yi kuka ba. Ya kwanta a daɓen ya rufe fuska da hannu ɗaya, ƙwallon ta gangara ta shiga cikin mutane, ba wanda ya ɗauka.

Akawunan Funtuwa ne suka fara isa wurinsa. Tsohon soja ya ture mutane da sanda, ya sa aka ciro ƙyauren ɗakin ajiya, aka ɗora shi a kai, mu da akawunan muka kai shi motarsu, suka wuce da shi asibiti. Ba a ƙarasa wasan ba. Mutane suka watse a hankali, ba mai magana da ƙarfi. Mutumin Kaduna ya gaisa da shugaban makaranta ya shiga motarsa.

Wata biyu ya yi a asibiti wannan karon. An yi masa aiki, ƙafar ta tsira, amma gwiwar ta sandare, ba ta ƙara lanƙwasawa yadda ya kamata ba. Na je duba shi sau uku. Kullum da mutane a wurin, na ji daɗin hakan, don ba sai mun yi magana mu biyu ba.

Abin da ya fi damuna a watannin da suka biyo baya shi ne mutanen gari ba su daina sa rai ba. Ba wanda ya tuhume ni. Sun ɗauka ya warke ne, tsautsayi ya sake faɗa masa. In na bi ta kasuwa tela yakan ɗago hannu ya ce, "Yaya dogonmu? Baɗi dai in Allah ya so." Wasu suka ce za a kai shi babban asibiti a gyara. Wasu suka ce sun ji Baturen zai tafi da shi ƙasarsu. Yanzu ba ni nake kawo labaran ba, su suke haifar abinsu, ni dai in ce Allah ya sa. Daga baya na canza hanya, na riƙa bi ta bayan mahauta.

Shekarar da ta biyo baya ita ce ƙasa ta rikice. Akawunan Funtuwa, waɗanda suka ɗauke shi a kan ƙyaure, yawancinsu suka tafi kudu, waɗansu ban san abin da ya same su ba har yau. Baturen ya gama wa'adinsa ya koma, ba a turo wani ba. Mun ci gaba da wasa tsakaninmu na ɗan lokaci, amma ba baƙi masu zuwa, masu kallo suka ragu, damina ta cinye daɓen ba a sake yi ba.

Abokina bai dawo makaranta ba. An aika masa cewa gurbinsa yana nan, ya ce ya gode.

Sai da na gama makaranta, ana gab da tura ni koyarwa wani gari mai nisa, sannan na iya komawa ƙauyen. Lokacin cirar auduga ne. Na same shi a gona, yana bin kunya da buhu rataye a wuya, yana jan ƙafar hagu a miƙe kamar itace. Ya yi aure, matarsa tana can gaba tana cira. Ya yi murna da ganina, ko kuma ya nuna haka. Muka zauna a inuwar wata kaɗanya, shi sai da ya dafa ƙasa da hannu biyu kafin ya zauna.

Na ce, "Akwai maganar da na zo da ita."

"Ina jin ka."

Na gaya masa duka, tun daga ranar farko a rumfar tela, har abin da na faɗa wa Baturen a gefen fili. Na ce da na faɗi gaskiya sau ɗaya da ba a sa shi ba.

Ya saurara bai katse ni ba. Yana ta cire ƙaiƙayi daga wani curin auduga.

"Na sani," in ji shi. "Ai ka gaya mini kana cewa ina gudu."

"Amma ban gaya maka na faɗa wa Malam ba."

"Wannan ma na sani. Ina kallonku." Ya jefa audugar cikin buhu. "Ni na ɗaure ƙafar da rawani. Ba kai ka ɗaure mini ba."

Na jira ya ƙara wani abu, ko ya ce ya yafe, ko ya zage ni. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tambaye ni wane gari aka tura ni, ko akwai mota mai zuwa can. Ya ce audugar bana tsutsa ta taɓa ta. Matarsa ta kawo mana ruwa a ƙwarya, ta durƙusa ta gaishe ni, ya ce mata abokinsa ne na makaranta.

Da zan tafi na biya ta gida in gaida iyayensa. Uwarsa ta amsa daga cikin ɗaki, ba ta fito ba. Ubansa yana zaune a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi ubana da mutanen Ƙarfi. Ya kira wata jikarsa ya ce ta ɗebo gyaɗa a zuba wa baƙo a jaka, tafiyarsa da nisa.

Na rubuta wa abokina wasiƙa biyu daga inda nake koyarwa. Ya amsa ta farko, layi huɗu, yana gaishe ni yana cewa an yi musu haihuwa, mace. Ta biyu ban sani ba ko ta isa.